Dutsen Robar Manaja

Doguwa ta zo aiki ta tarar an ɗauke injin ruwan sha daga ɗakin jira. A gurbinsa an girke wani dutsen roba mai hawa-hawa, ruwa na gangarowa a kansa yana zuba cikin kwano, ga 'yar fitila shuɗiya a gindi. Ita ce mai karɓar baƙi a wani wurin gwajin jini, ta kuma san soket ɗaya ne a bangon. Wato abin ado ya kori abin sha.

"Yallaɓai, ina injin?" ta tambayi Manaja.

"Yana sito. Ƙarar ruwan nan tana kwantar wa masu jira da hankali."

"Mutanen da ke zuwa ba su karya ba? Ruwa suke nema, ba ƙararsa ba."

"Ke dai ki kula kada yara su sa hannu."

Haka ta zama mai gadin dutse. Duk wanda aka ɗebi jininsa ya fito yana haɗiyar yawu, sai ta ce babu ruwa, alhali ga shi yana ƙara a bayanta. Kunya da takaici suka riƙa cin ta.

Wata ranar da zafi ya yi zafi, wani tsoho ya fito riƙe da auduga a gwiwar hannu, leɓɓansa sun bushe. Ya lallaɓa wajen kwanon ya tara tafinsa.

"Baba, kada ka sha, akwai magani a ciki."

"To 'yata, na me ye?"

"Na kallo ne, Baba."

Ya dube ta, ya dubi ruwan, sai ƙafafunsa suka saki, ya sulale jikin kujera.

Doguwa ta ɗura masa ruwan gorarta har ya dawo hayyacinsa. Daga nan ba ta nemi izinin kowa ba. Ta fizge wayar dutsen, ta nufi sito, ta jawo injin tana nishi, masu jira suka kama mata.

Manaja ya fito fuska a murtuke. "Wa ya ba ki iko?"

"Yallaɓai, dattijo ya faɗi a gaban ruwa don ƙishirwa. In 'ya'yansa sun zo, kai za ka yi musu bayani ko ni?"

Idanun masu jira duk suka koma kan Manaja. Ya juya ya shige ofis.

Injin ya zauna a wurinsa, amma ita ba ta zauna ba. Kafin mako ya fita aka mayar da ita ɗakin baya wanke kwalabe, wai ba ta iya magana da manya ba. Ta kwashe kayanta daga teburin tana huci, ta ja sabuwar mai karɓar baƙi gefe.

"Ƙanwata, kofuna na aljihun tebur na ƙasa. Ki ba mutane ruwa tun kafin su tambaya."