Jinin Lamba Tara

Idan Ubangiji shi ne komai, ƙarar wa mutum zai kai, kuma gaban wa?

Shekara goma sha ɗaya wani mutum yana wankin gilasai a ɗakin gwajin jini na asibiti, wannan tambaya ba ta taɓa zo masa ba. Bai yi nisa a makaranta ba, amma duk littafin da likitoci suka yar sai ya karance shi tas. A nan ya tsinci ra'ayinsa: Mahalicci ba ya can gefe yana kallo. Shi ne ruwan, shi ne itacen, shi ne kiyashin da ke bin bango. Ra'ayin ya zame masa inuwa, har tafiya yake yana duban ƙasa kada ya taka wani abu.

Sai autarsa ta kwanta. Kwana biyar zazzaɓi, allura ta ƙi ci, aka ba ta gado a asibitin.

"Baban yara, ɗaga hannu ka roƙa mana," in ji matarsa.

"Wanda ke cikin komai ba a kiransa. Ai bai je ko'ina ba."

"To ka ce masa ya fita daga jikin 'yata!"

Ya ƙi, ya koma bakin aiki.

Da hantsi aka kawo jinin marasa lafiya, kowanne da lamba, babu suna. Ya san lambar 'yarsa. Ma'aikaciyar gwaji ta ɗiga jinin a gilashin da ya wanke da hannunsa, ta leƙa madubin da ke ƙara girman abu, ta yi dariya.

"Shehin malami, zo ka gaida danginka. Ba ka ce duk ɗaya kuke da ƙwayoyin cuta ba? Lamba tara kam sun mai da shi gidan ubansu."

Ya sa ido a madubin. Ƙananan zobba ne masu launin shuni, birjik, kowanne kwance cikin ƙwayar jini kamar jariri a zani. Abin da ya fi ƙona masa rai, kyau gare su.

"Lamba tara 'yata ce," ya ce.

Dariyar ta mutu a bakinta.

Ya je gadon yarinyar, ya iske ta tana numfashi sama-sama, leɓe a bushe. Ya dubi rufi, ya dubi ledar ƙarin ruwa, ya dubi jijiyar wuyanta tana bugawa. Duk inda ya juya, mai cutar da mai maganin fuska ɗaya suke nuna masa.

Ya durƙusa, ya buɗe tafukansa. Kalma ko ɗaya ba ta zo ba.

"Amin," in ji matarsa. "Amin."