Darasin Faɗuwa

Barasa bai taɓa musun cewa yana tsoron tsani ba. In ƙwan lantarki ya mutu a gidansu, matarsa Nanjala ce ke hawa kujera, shi kuma ya riƙe ƙafar kujerar yana ba da umarni. Shi ya sa har yau bai gane inda 'yarsu Nekesa, mai shekara takwas, ta gado halinta ba. Yarinyar ba ta ganin abu a tsaye ta ƙyale shi. Ranar wata Laraba, mai kula da gidan hayarsu a unguwar Umoja ta Nairobi ya sauko da ita daga ƙarfen da ke ɗauke da tankin ruwa, tsayin bene biyu.

"Baban Nekesa," in ji mutumin, "ruwa aka ɗauke ni in tsare, ba biri ba. Ƙarƙashin tankin nan siminti ne fa."

Nanjala ba ta tsaya dogon zance ba. "Faɗa bai yi ba, bulala ba ta yi ba. Ka nemo mata inda za ta riƙa hawa da izini, kafin a kawo mana ita a zani."

Wuri na farko yana saman wani katafaren kanti a unguwar Westlands. Bangon hawa mai launi-launi, kiɗa, ga wani rami cike da soso. Barasa ya so wurin tun daga ƙofa, domin akwai kujerun iyaye masu laushi da shayi. Kafin shayin ya huce, Nekesa ta kai ƙololuwar bangon tana ɗago masa hannu.

"In ta faɗo fa?" ya tambayi saurayin da ke kula da su.

"Ai ga soso nan, yallaɓai."

Barasa ya dubi soson, ya tuna simintin Umoja. Ya shanye shayinsa, tunda an riga an zuba, suka fita.

Wuri na biyu yaron matatu, wato motar haya, ne ya kwatanta musu: wani tsohon sito a unguwar Donholm, tayoyi, igiyoyi, bututun ƙarfe, da katifun da suka sha duniya. Mai wurin wata gajeriyar mata ce, Koci Chepkoech, da usur a wuya.

"A nan ba a hawa komai sai bayan wata guda," in ji ta. "Faɗuwa ake koya. A lanƙwasa gwiwa, a mirgina ta kafaɗa, a tashi. Kuma darasin farko da uba ake yi. Cire takalmi, Baban Nekesa."

"Ni? Ai yarinyar na kawo."

"Yara faɗuwa suke yi su miƙe. Iyaye ne ke gudu ido a sama. Hau bencin nan ka diro."

Bencin bai kai gwiwarsa ba. Barasa ya dube shi, ya dafe ƙugu.

"Baya ne, Koci. Likita ya hana."

"Baba, jiya fa ka ɗauko buhun gawayi," in ji Nekesa.

"To shi ya jawo ciwon. Rufe mana baki."

Koci ta ƙare masa kallo daga tumbi zuwa takalmi. "Shi ke nan, zauna. Amma na gaya maka."

Nan ya zaɓa, ko da yake babu shayi. Kowace Asabar Nekesa na birgima a kan katifa, tana dawowa gida da ƙorafi. "Baba, wannan wurin na jarirai ne. Ko igiya ba a bar ni na taɓa ba!" Shi kuwa duk ƙorafin daɗi yake masa. Sau uku Koci tana tambayar lafiyar bayansa, sau uku yana cewa da sauƙi, amma ba sosai ba.

A mako na shida, da hantsi, iska ta kwashe zanen Nanjala daga igiyar shanya ta maƙale shi a jikin tankin. Barasa na kan matattakala da kofin shayi da mandazi, irin fankensu na can, lokacin da ya hango Nekesa ta riga ta yi rabin hanya. Ya buɗe baki zai kira ta, sai wani ƙarfe mai tsatsa ya ɓalle ƙarƙashin ƙafarta.

Ya yar da kofin. Ya ruga, hannuwa a buɗe, ido a sama.

Yarinyar ta diro bisa ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe, ta mirgina ta kafaɗa a kan simintin, ta miƙe tsaye da zanen a hannu. Ta duba gwiwar hannunta, ta hure ƙura.

"Baba, ka gani? Kamar yadda Koci ta ce! Baba? Me kake yi a cikin kwata?"

Barasa na kwance, ƙafa ɗaya cikin magudanar ruwa, yana dariya hawaye na zuba. "Juyo in gan ki. Ɗaga hannu. Ɗayan. Taka in gani." Ta taka, har da ɗan tsalle. Nanjala ta fito a guje, ta shafa 'yarta tun daga kai har ƙafa, ba ta sami komai ba sai 'yar ƙujewa, ta zauna daɓas a ƙasa tana godiya ga Allah.

A cikin motar maƙwabci, a hanyar asibiti, Barasa bai daina ba da labari ba: yadda ya zagaya Nairobi, yadda ya ƙi wurin soso, yadda uba nagari ke duba abu da idon basira. Nanjala ta ce haka ne, ya dai daina motsa ƙafar.

A asibiti an duba Nekesa, aka manna mata filasta ɗaya a gwiwar hannu. Barasa ya yi mako shida da sanda.