Ƙaramin Yatsan Salifou

Barka ya yi shekaru yana jan mota tsakanin Sabha da Agadas kafin ciwon baya ya sauke shi. Da baladiyoyin yankin Sabha, wato ƙananan hukumomi, suka haɗa kai suka sayi bas mai intanet a ciki don koya wa marasa galihu aiki da waya, shi suka ɗauka direba, saboda yana jin Hausar kasuwa, ga Hausawa 'yan ci-rani da yawa a yankin. Tuƙi nasa, tafinta ma nasa. Yau Gurda, gobe Tamanhint, jibi Ghuddwa, bas guda tana yawo kamar turmin aro.

Ranar Ghuddwa rana ta buɗe sosai. Malama Mariam, mai koyarwar, muryarta ta dishe tun kafin azahar. Barka na neman inuwar da zai miƙe sai ga wani dattijo, Salifou, mutumin Tawa mai hawan dabino a gonakin garin, riƙe da waya ƙunshe a leda.

"Direba, ɗiyata Kaoussara ta haihu. An ce ana ganin mutum a nan ciki."

Barka ya ja numfashi, ya fassara wa Mariam, don ba ta jin Hausa. Mariam ta nuna wa dattijon inda zai taɓa. Ya taɓa, shiru. Ya danna da ƙarfi, shiru. Igiya da ƙayar dabino sun mai da yatsunsa kamar ƙirgi, gilashin wayar bai ma san an taɓa shi ba.

"Kawo in danna maka, Baba," in ji Barka.

"In kun tafi fa? Wa zai danna?"

Barka ya janye hannunsa. Ya zauna a bakin ƙofar bas, ya kama hannun dattijon suna gwada yatsa bayan yatsa. Can sai ƙaramin na hagu, wanda ya taɓa karyewa har ya daina aiki da shi, shi wayar ta amsa wa.

Kira ya shiga. Fuskar Kaoussara ta fito, sai ta tsaya cak, baki buɗe. Rezo, wato sabis ɗin waya, ya yi ƙasa. Murya kaɗai ke zuwa guntu-guntu, da kukan jariri daga baya. Salifou ya kara wayar a kunne yana ta "Madalla, madalla." Bai ga jikan ba har kiran ya yanke.

Ya mai da wayar cikin leda. "Yaushe za ku komo?"

"Sai mun zagayo, Baba. Garuruwan da yawa."

Dattijon ya gyaɗa kai ya nufi gona. Mariam ta riga ta ɓingire da barci a kujera. Barka ya tada mota ya kama hanyar Sabha, ko rediyo bai kunna ba.