Jar Wutar Malam Bawa

Shekara da shekaru Malam Bawa yana gasa burodi da itace a Madawa, har ranar da 'ya'yansa na cirani suka turo masa sabuwar tanda mai aiki da gas. Wa zai haɗa ta in ba Mahfuzu ba, mijin ɗiyarsa Asiya, wanda ya koyo aikin a Yamai? Sai ga shi da akwatin kayan aiki ɗaure a bayan moto.

Ya haɗa tiyo da manyan butelolin gas, ya buɗe gas a hankali yana kallon allurar da ke nuna ƙarfinsa har ta tsaya inda ake so. Sannan ya koma kan ƙofar iska, wani ɗan faifan ƙarfe a gindin murhu, yana murza shi kaɗan-kaɗan. Harshen wuta ya bar rawa, ya miƙe shuɗi tsaf, yana huci.

Tsoho ya leƙa, ya taɓe baki. Wai wannan ko shayi ba za ta dafa ba. Shi wutar da ya sani ja ce, mai lasar rufin tanda.

"Ɗana, maishe min ita ja," in ji shi.

Mahfuzu ya san sarai abin da jar wutar gas ke nufi: iska ba ta ishe ta ba, gas ba ya ƙonewa duka, sai ya riƙa fitar da guba marar wari mai kwantar da mutum bai ankara ba. Maganar ta zo masa har baki. To amma a ƙasarsu ta Adar, wa ka taɓa gani ya musa wa surukinsa a gaban ma'aikata? Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gabansa, ko sunansa ba ya kamawa. Ya ce a ransa ai tagogi a buɗe suke, kuma zai zagayo ya gyara in tsoho ya tafi masallaci. Ya rage iska, wuta ta yi jawur, Malam Bawa ya yi ta sa masa albarka.

Mahfuzu bai zagayo ba. Wani aiki ya ja shi garin Buza. Ran nan da hantsi hadari ya taso da iska, tsoho ya rufe tagogi da ƙofa kada ruwa ya taɓa ƙullu, ya sallami ma'aikata, ya zauna shi kaɗai yana jiran burodi ya nuna. Mai kawo gari ne ya tarar da shi kife a bakin tanda.

Da Asiya ta kira Mahfuzu tana kuka, bai tambayi mi ya faru ba, don ya sani. Duk tsawon hanyar zuwa asibiti yana tsine wa kunyar da ta ɗaure masa baki.

A asibiti lokotoro ya ce hayaƙin gas ne, da an ƙara jinkiri kaɗan da sai dai gawa. Dangi suka cika ɗaki, wani na zagin masu ƙera tanda, wani na ganin laifin 'yan ciranin da suka raba tsoho da itacensa. Ba wanda ya ambaci Mahfuzu. Wallahi da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Can Malam Bawa ya buɗe ido, ya lalubo hannun Mahfuzu ya riƙe. Murya ba ta fita sosai, sai da Asiya ta sa aka yi shiru.

"Kar ka bari kowa shi taɓa min tandar nan, ɗana. Hannunka kaɗai na yarda da shi."

Mahfuzu ya sunkuyar da kai, ya kasa ɗagowa. Duk ɗakin suka ɗauka kunyar suruki ce.