Kaurin Jijiyar Tsohon Shugaba

"Ɗaga haɓa, Baba," in ji Mai Hoto, ma'aikaciyar da ke ɗaukar hoton jijiya a asibitin, ta shafa masa man ɗaukar hoton mai sanyi a wuya ba tare da ta ɗumama shi a tafin hannu ba, alhali takan ɗumama wa sauran tsofaffi.

Tun shigowarsa ta gane shi. Tumbi ya yi gaba, ƙafa ta kumbura, amma muryar tana nan. Shi ne tsohon shugaban asibitin, wanda shekara goma sha biyu da suka wuce ya dubi mahaifiyarta a tsaye, ko kujera bai ba ta ba, ya ce ƙiba ce kawai. Wata bai cika ba ɓarin jikinta ya shanye, ta rasu. Wallahi har yau in ta tuna sai ta ji ɗaci a bakinta.

Takardar jininsa na kan tebur: suga, kitse, hawan jini, ga alamar kumburi ta haura sama. Ta danna na'urar a jijiyar wuyansa, ta auna kaurin bangonta sau uku. Ɗaya da ɗigo huɗu.

A dokar asibitin, sai kauri ya kai ɗaya da rabi ake buga jan hatimi mutum ya ga babban likita a ranar. Wanda bai kai ba, layin wata huɗu ne, kuma ba kowa ke kaiwa da ƙafarsa ba. Kowa a sashen ya san halin Mai Hoto: in tsoho ya zo gab da iyaka, sai ta ƙara masa ɗigo guda ta buga hatimin. Ko da safiyar nan ta yi wa wani tela.

Ta rubuta huɗun nan ɓaro-ɓaro.

"'Yata, yaya dai?" ya tambaya yana goge wuya.

"Jijiyar ta yi kauri, Baba. Za ka ga likita nan da wata huɗu."

"Wata huɗu! Jiri nake ji kullum, jiya cokali ya faɗi daga hannuna. Ba wani taimako?"

Hannunta na kan aljihun teburin da hatimin yake. Ta ji tausayi ya ɗan motsa, ta danne shi.

"Doka ce, ranka ya daɗe. Ni ƙaramar ma'aikaciya ce."

"Wane marar imani ne ya kafa wannan doka?"

Ta ciro takardar dokar da ke manne a bango, duk ta yi ja don daɗewa, ta miƙa masa. Ya lalubo tabarau, ya bi layukan da yatsa har ƙasa, inda aka sa hannu. Nan yatsan ya tsaya, a kan sunansa.

Ta leƙa ƙofa ta kira na gaba.