Anti Sito Ta Shiga Intabiyu

Shekara shida tana riƙe da ɗakin ajiyar magunguna na wani kamfani, har sunanta ya ɓace, kowa Anti Sito yake ce mata. Duk shekarun nan ma'aikaciyar wucin gadi ce. Da aka tashi ɗaukar na dindindin, manaja ya ce ta shiga intabiyu kamar kowa.

Gwaggonta, tsohuwar sakatariya, ta zaunar da ita.

"Kar ki ɗora jaka a teburinsu. Wanda ya tambaye ki shi za ki kalla, ba ƙasa ba. In aka ce faɗi rauninki, faɗi ƙarami, ki nuna kin gyara."

"Gwaggo, mutanen nan fa kullum muna tare."

"Shi ya sa. Sun saba ganinki da kwali a ka."

Ranar intabiyun, a bencin ƙofar ofis, ta tarar da wani saurayi yana ta gumi, takardunsa a leda. Tausayi ya kama ta. Ta ce ya gyara wuyar rigarsa, ya daina kaɗa ƙafa, ta maimaita masa duk abin da Gwaggo ta faɗa.

"Anti, me kike ganin za su tambaya?"

"Wane magani ake fara fitarwa. Ka ce wanda ya fi kusa da lalacewa, ba wanda ya fara shigowa ba."

Shi aka fara kira, ya yi kusan rabin awa. Ita minti bakwai ta yi. Suka tambaye ta lafiyar gida, ɗaya daga cikinsu yana danna waya.

Bayan mako guda manaja ya kira ta.

"Yaron nan ya burge kwamiti. Ga digiri, ga natsuwa, kuma ya san ƙa'idar fitar da kaya tun bai taɓa shiga sito ba. Ki nuna masa aiki zuwa ƙarshen wata. Za mu ba ki takardar yabo mai kyau."

Ta ce to. A gida kuwa abin da ta gaya wa Gwaggo kawai shi ne, sun ɗauki mai digiri. Maganar benci ba ta ɗauko ba.

Ta koya masa aikin ba yabo ba fallasa. Abu ɗaya ta riƙe a ranta: firjin allurai ba ya tashi da kansa in an koma janareto, sai an danna masa wani ɗan maɓalli a baya. Ita kaɗai ta san haka.

Ranar ƙarshe ta miƙa makullai ta fita. Har ta kai bakin titi ta tsayar da mota, sai ta tuna allurar yara ce cike a firjin. Ta ce wa direba ya tafi. Ta koma tana jin haushin kanta, ta ja saurayin bayan firji ta nuna masa.

"Allah ya saka da alheri, Anti. Ko za ki ba ni lambarki, in wani abu ya shige min?"

Ta karanta masa lambar, ba ta kalle shi ba.