Fanka Mai Fitila a Teburin Safara'u

Mudi ya durƙusa a ƙarƙashin tebur, ya jawo akwatin kwamfutar a hankali. Ƙura ta tashi, ya yi atishawa. Matarsa Safara'u na zaune a kujerarta ta aiki, ta ɗage ƙafafu don ya samu wuri.

"Wai ranar kasuwa ka ga ta dace ka zo ka kwance mini shago?" in ji Malam Zayyad, mai shagon, daga bakin ƙofa.

"Yi haƙuri, Malam. Ba zan daɗe ba."

"Haka masu gyara ke cewa, sai a yi la'asar suna nan."

Shagon buga takardu ne a bakin titin Tudun Wada, nan Safara'u ke aiki tun bara. A makon jiya fankar da ke sanyaya injin ta lalace. Kafin ta tsaya sai da ta yi ta gurnani, ƙarar da ko mai wucewa zai ji. Amma Safara'u ce kaɗai a shagon, ita kuwa tun tana ƙarama sanƙarau ya tafi da jinta. Ta ci gaba da bugu har injin ya ɗau zafi ya mutu da aikin wani ɗalibi a ciki. An gyara, an sa sabuwar fanka, sai dai Malam Zayyad ya kira Mudi gefe ya ce masa in wata ya ƙare zai nemi mai ji.

Mudi bai yi musu ba, don ba halinsa ba ne. Shi injin ban-ruwa yake gyarawa a Tiga, da kunne yake gane ciwon inji, ya san maganar Malam ba ƙarya ba ce. Amma ya san yadda Safara'u take kafin ta samu aikin nan: zaman tsakar gida, mata na hira tana bin bakunansu da ido. Yanzu kuwa har malaman makaranta ke tsayawa su jira ta, in ta miƙa musu takarda su ɗaga mata babban yatsa. Don haka ya shiga mota ya tafi Kano, ya yi ta yawo wajen masu kayan kwamfuta har ya ga abin da samari masu wasan gem a kwamfuta ke ƙawata injinansu da shi.

Ya ɗora akwatin a kan teburin, gefen hannunta na hagu, ya fiddo abin daga leda. Murfin fanka ne na ƙarfe, bai fi tafin hannu biyu ba, an huda masa zanen ganyaye, an jera ƙananan fitilu a kewayensa. Ya cire tsohuwar ragar da ke rufe fankar, ya ɗaura wannan, ya haɗa waya, ya yi bisimilla ya kunna.

Shuɗin haske ya fito ta cikin ganyayen. A bayansu fukafukan fankar suna juyawa, hasken na rawa kamar rana a kan ruwan dam.

Baba Asibi, mai sayar da awara a ƙofar shagon, ta leƙo. "Kai! Mudi, amarya za a ɗauko a ciki?"

"A'a, Baba. Don ta riƙa gani ne. In fankar ta tsaya, hasken zai daina rawa."

"To, Allah ya ba mu miji mai saya mana lantarki. Nawa ko ashana sai na roƙa."

Malam Zayyad ya matso, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. "Ka mai da mini shago gidan biki," ya ce. "Ni ba ado nake nema ba, Mudi. Mai aiki idonta na kan rubutu. Yaushe za ta riƙa kallon fitila?"

"A gwada, Malam."

"Za a gwada kuwa. Kada ka yi mata alama."

Wani manomi daga Burumburum ya shigo da takardar rubutun hannu yana so a buga masa. Safara'u ta karɓa, ta jingina ta, yatsunta suka fara tafiya. Mudi ya koma jikin bango ya tsaya, hannayensa a baya. Bai gaya mata za a jarraba ta ba, bai ma gaya mata maganar ƙarshen wata ba.

Malam Zayyad ya zari tsinke daga tsintsiya, ya zagaya kamar mai neman wani abu, ya zura shi ta tsakanin ganyayen. Fankar ta tsaya.

Nan take yatsun Safara'u suka tsaya. Ta juyo, ta dubi fitilar, ta dubi tsinken, sannan ta ɗaga ido ta dubi Malam, ta kaɗa masa yatsa kamar yadda ake yi wa yaro mai ɓarna.

Baba Asibi ta fashe da dariya. "An kama Malam da hannu dumu-dumu!"

"Sa'a ce," in ji Malam, yana danne murmushi.

Ya bari sai da aka jima, lokacin da ta dafa tebur ta sunkuya tana neman farar takarda a durowar ƙasa, ƙeyarta na fuskantar injin. Ya sake zura tsinken. Kafin ya gyara tsayuwa ta ɗago, ta miƙa hannu ta ƙwace tsinken, ta karya shi biyu ta jefa a kwandon shara.

Malam Zayyad ya sosa gemu. "Ikon Allah. Hasken har ta wutsiyar ido yake shiga." Ya juya ga Mudi. "To, a bar abin nan a wurin. Ita ma a bar ta a wurinta. Amma in fitilar ta mutu, kai za ka sake zuwa Kano, ba ni ba."

"Na gode, Malam. Allah ya saka da alheri."

Bayan la'asar aka rufe shago. Mudi ya tayar da babur, yana jira ta hau su kama hanyar Tiga. Abin na ta yi masa yawo a rai, don ya ga inda fuskarta take a karo na biyu. Ya nuna idonsa, ya nuna ƙeyarsa, ya buɗe tafin hannu: ta yaya kika gani?

Safara'u ta girgiza kai. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan tankin babur, inda ƙarfen ke ɓari a hankali. Sai ta murɗa makulli ta kashe injin. Ɓarin ya ɗauke daga tafinsa. Ta nuna shagon, ta shimfiɗa hannu kamar tebur, ta ɗora ɗayan a kai.

Sai a lokacin Mudi ya gane. Ashe tunda ya ɗauke akwatin kwamfutar daga ƙasa ya ɗora a teburin, motsin fankar ke bin katako yana shiga hannunta. Tafiyar Kano, yawon kasuwa, ko da bai yi ba, ɗagawar nan kaɗai ta isa. Kunya ta kama shi, ya yi 'yar dariya. Ya nuna shagon, ya yi alamar kwance noti: in cire?

Ta buge masa hannu. Ta nuna wajen da Malam ya bi, ta taɓa idonta, wato shi sai abin da ya gani yake yarda da shi. Sannan ta buɗe yatsunta tana rufewa kamar walƙiyar fitila, ta dafa ƙirjinta: tawa ce.

Ta gyara mayafi, ta hau bayansa, ta ɗan taɓa kafaɗarsa. Mudi ya sake tayar da babur.